Bomberman: Wasan da sabon shiga ke kashe kansa tun abokin gaba bai iso ba

Zagayen farko ba ya kai sakan goma. An buɗe wasan a waya ko a kwamfutar sibar, mutum huɗu kowa ya tsaya a kusurwarsa, sabon shiga ya danna maɓalli, bam ya faɗi a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya yi dama, tubali ya tare shi. Ya juyo, bam ɗinsa ya toshe hanya. Kafin ya gama tunani wuta ta tashi, an fitar da shi, sauran ukun ko kallon inda yake ba su yi ba. Daga nan sai zaman jiran zagaye na gaba, mega na tafiya, ƴan fada na yi masa dariya cewa dara ta ci gida.

Haka wasan ke gaisawa da kusan duk wanda ya fara shi, kuma ya daɗe yana hakan. Kamfanin Hudson Soft na ƙasar Japan ne ya fitar da Bomberman a 1983 a kan ƙananan kwamfutocin gida, amma sai da ya hau na'urar Famicom ta Nintendo a ƙarshen 1985 ya yi suna. A Turai an sayar da wani nau'insa da sunan Dyna Blaster. A 1993 Super Bomberman ya tara mutum huɗu a gaban talabijin ɗaya, a 1996 kuma Saturn Bomberman ya kai su goma. Kamfanin Konami ya haɗiye Hudson a 2012, kuma shi ke riƙe da sunan har yanzu.

Waɗanda ake buɗewa kyauta a burauza yawancinsu kwaikwayo ne, irin su Bomb It da ƴan uwansa. Da yawa sun ɓace lokacin da aka daina amfani da manhajar Flash a ƙarshen 2020. Waɗanda suka rage an sake rubuta su da HTML5, shi ya sa suke buɗewa a waya ba tare da an sauke komai ba. A ƙasar da kalmar bam ba abin wasa ba ce ga iyalai da dama, daga Diffa har Tillaberi, sunan kaɗai kan sa iyaye su ɗaga gira. Abin da ke kan allon dai zanen yara ne, babu jini, kuma a Koriya ta Kudu akwai irinsa, Crazy Arcade, wanda ya maye bam ɗin da balan-balan ɗin ruwa, dokokin kuma kusan ɗaya.

Wuta ba ta shan kwana

Duk dabarar wasan a kan siffar filin take. Filin gasa na gargajiya yana da gida 13 a faɗi da 11 a tsaye, kamar gidajen dara amma masu yawa. A cikinsa akwai ginshiƙai da ba sa fashewa, a jere, tsakanin kowane biyu gida ɗaya. Sauran wurin tubala ne da bam ke rushewa. Bam yana ɗaukar sakan biyu zuwa uku kafin ya tashi, wutarsa kuma tana tafiya gabas, yamma, kudu da arewa a miƙe. Tana tsayawa a jikin ginshiƙi, tana tsayawa a tubalin farko da ta ci. Ba ta shan kwana. Wanda ya tsaya a karkace da bam, ko da gidansu na taɓa juna ta kusurwa, babu abin da zai same shi.

Wannan ne ke warware matsalar sakan goman farko. Kowa na farawa da gida uku a buɗe: kusurwar da yake tsaye, ɗaya a gefe, ɗaya a ƙasa ko a sama. Wanda ya ajiye bam a kusurwar kanta ya gama, domin duka gidajen biyun da suka rage suna kan layin wuta. Abin yi shi ne a matsa zuwa gidan gefe, a ajiye bam a jikin tubali, a dawo kusurwa, a sha kwana zuwa gida na uku. Taku biyu ne kawai, kuma su ne ke raba wanda zai yi wasa da wanda zai zama ɗan kallo.

Ƙwararren ɗan wasa ba ya daina wannan lissafin har zagaye ya ƙare. Kafin yatsansa ya taɓa maɓallin bam ya riga ya ga kwanar da zai sha, ya ƙirga takun da ke tsakani. Hausawa sun ce in za a gina ramin mugunta a gina shi gajere. A nan maganar ba karin magana ba ce, awo ne da ake yi da ido.

Akwai kuma abin da ke ruɗa ma waɗanda suka ɗan goge: bam na tayar da bam. Idan wutar wani ta taɓa wani, na biyun zai tashi nan take, ko da yanzu aka ajiye shi. Ke nan lokacin da ya kamata a riƙe a kai ba na bam ɗin da aka ajiye yanzu ba ne, na wanda ya fi daɗewa ne a kan layin. Mutum zai ajiye nasa yana ganin yana da sakan uku, ashe na maƙwabcinsa da ke can ƙarshen layi saura masa rabin sakan. Mai wayo yana juya wannan ya zama makami: ya bar tsohon bam can nesa, ya zo kusa da abokin gaba ya ajiye sabo a kan layi ɗaya, abokin ya saki jiki yana jiran ƙirgar da ba za ta cika ba.

Tsintuwar da ba ta da daɗi

Ƙarƙashin wasu tubalan akwai garaɓasa. Hoton harshen wuta na ƙara wa wuta tsawo da gida ɗaya, hoton bam na ba da damar ajiye fiye da ɗaya a lokaci guda, takalmi mai taya na ƙara gudu. A wasu nau'o'in akwai ƙafar shurin bam, da safar hannu ta ɗauka a jefa, da rimot mai tayar da bam a lokacin da aka ga dama. Minti na farko na kowane zagaye tseren tara su ne, kuma wanda ya yi nawa wajen rushe tubalan unguwarsa zai tarar maƙwabci ya shigo masa da wuta mai tsawon rabin fili.

Sai dai a nan ne kwaɗayi ke cin mutane. Garaɓasar da ta fito a cikin lungu mai ƙofa ɗaya tarko ce: mutum na shiga, wani ya ajiye masa bam a bakin ƙofa, shi ke nan. Yawancin kisan da ake yi a wasan gasa irin wannan ne, ba jarumta ba, jiran wani ya shiga inda ba fita. Haka gidan da ke tsakanin ginshiƙai biyu yake, mafitarsa biyu kawai, bam ɗaya a gaba ɗaya a baya sun isa. Mararraba tana da mafita huɗu, amma wuta na iya zuwa mata ta kowane ɓangare, don haka wurin wucewa ce, ba wurin hutawa ba.

Doguwar wuta ma ba kullum take alheri ba. Tana tsorata abokan gaba, amma mai ita ma ba zai iya tsere mata a miƙe ba, dole sai kwana. Hoton ƙoƙon kai kuwa cuta ce: ko ta mayar da mutum kunkuru, ko ta juya masa dama ta koma hagu, ko ta sa shi zubar da bam ba kan gado kamar mai gudawa. A nau'o'i da yawa cutar na kama wanda aka taɓa, shi ya sa wanda ya kwashe ta bisa kuskure gara ya ruga cikin jama'a da ya ɓuya. Garaɓasar da mutum ba zai kai gare ta ba kuwa, wuta na ƙona ta; gara ta ƙone da ta faɗa hannun wani.

Idan lokaci ya kusa cika, a yawancin wasannin gasa duwatsu na fara faɗowa daga bakin fili suna zagayowa ciki, suna danne duk wanda suka tarar. Wanda ya kwashe zagayen yana laɓe a kusurwa a nan yake biyan bashi. Ana matsawa tsakiya ne tun kafin su fara.

Mai wasa shi kaɗai da dodannin kwamfuta lissafinsa dabam ne. A nau'in 1985 mataki 50 ne, kowane da sakan 200, ƙofar fita kuma na ɓoye ƙarƙashin tubali. Ba ta karɓar mutum sai ya gama da dodannin, kuma in wuta ta taɓa ta sai ta amayo wasu sababbi. Kwaikwayon burauza da yawa sun gaji wannan dokar.

Kilabiye da layi

Akwai cikas guda biyu da matashin Maraɗi ko Damagaram ke haɗuwa da su waɗanda masu tsara wasan ba su yi tunaninsu ba. Na farko allon rubutu ne. Kwamfutocin Nijar galibi tsarin Faransa suke da shi, wato AZERTY, alhali wasannin an yi su ne don QWERTY. Idan mutum biyu za su yi wasa a kwamfuta ɗaya, ɗaya na amfani da kibiyoyi, ɗayan da W, A, S, D. A kan AZERTY waɗannan haruffan a warwatse suke, wuraren nasu Z, Q, S, D ne ke zaune. Wanda aka bar wa haruffa sai ya yi ta shan kashi yana zargin kansa. Maganin bai fi sakan biyu ba: a sauya harshen allon zuwa Ingilishi, a Windows da Alt da Shift in an riga an saka harshen, ko a duba ko wasan ya yarda a sauya maɓallai. Ƙananan alluna masu araha kuma ba sa jin maɓallai da yawa da aka danne lokaci ɗaya, don haka wanda ya saba danne kibiya ya ƙi saki yana iya toshe wa ɗan uwansa bam.

Na biyu jinkirin layi ne, kuma ya fi shafar masu wasa da ƴan uwa da ke waje. Ga yaya da ƙane da ɗaya ke Tawa ɗaya ke Tamanrasat ko Sabha, zagayen minti uku wata hanya ce ta zama tare wadda ba ta buƙatar a nemo abin faɗa. Amma abin da mai raunin layi ke gani a allonsa ya riga ya wuce da ɗan lokaci, bam ɗin da yake ganin saura kaɗan wataƙila ya riga ya tashi. Irin wannan ɗan wasa dole ya sauya salo: ya ƙara taku ɗaya a kowane lissafi, ya bar ratsawa ta gaban bam, ya taƙaita takalmi ga ɗaya ko biyu, domin gudu mai yawa a kan layi mai tsinkewa wuce kwana yake sa mutum. Tarkon bakin lungu ya fi yi masa amfani da artabu a tsakiyar fili, tunda shi haƙuri yake buƙata ba saurin yatsa ba. Haka abin yake ga mai taɓa gilashin waya idan ya haɗu da mai kilabiye.

Shafukan da ke ɗauke da wasannin da talla suke rayuwa, kuma wasu tallace-tallacen na yin kama da maɓallin fara wasa. Wasan burauza na gaskiya ba ya neman lambar waya, ba ya cewa a sauke wata manhaja kafin ya buɗe, kuma bidiyon tallan kan ci mega fiye da wasan kansa. Masu sa lokaci da na ƙetare kuma su lura da agogo: Aljeriya lokacinta ɗaya da Yamai, Libiya na gaba da awa ɗaya, Kumasi da Abijan na baya da awa ɗaya, Faransa kuwa daidai take da Nijar a lokacin sanyi amma tana shiga gaba da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.