Sabulu da maganin ƙwayoyin cuta: kada mu gama su cikin bokiti guda

A kasuwanninmu, daga Maraɗi har Damagaram, mun saba ganin mai tuwo ko mahauci ya kaɗa garin sabulu cikin bokiti, ya tsiyaya maganin kashe ƙwayoyin cuta a kai, wai ƙarfi biyu ya fi ɗaya. To jama'a, sau da yawa kuɗinmu ne muke zubarwa.

Mu duba takardar da ke jikin kwalba. In mun ga an rubuta benzalkonium ko cetrimide, wannan bayani ya shafe mu. Tun shekarar 1935 wani likitan Jamus, Gerhard Domagk, ya bayyana ƙarfin irin wannan magani.

Ga yadda yake aiki. Kowace ƙwayar bakteriya tana da fata siririya ƙwarai, ta maiƙo ninki biyu, wadda ke tsare abin da ke cikinta. Mun san batir ɗin tocila yana da kai biyu, mai alamar (+) da mai alamar (-). Fatar bakteriya cajin (-) gare ta. Shi kuwa maganin, kansa na ɗauke da (+), wutsiyarsa ta maiƙo ce. Sai kan ya manne wa fatar, wutsiyar ta kutsa ciki, fatar ta shiga yoyo kamar salkar da ta huje. Gishirin cikin ƙwayar ya tsiyaye, ta mutu.

Masana sun daɗe suna auna wannan al'amari. A 1965, a Ingila, Alec Bangham da abokan aikinsa suka yi amfani da ƴan ƙananan kumfa na maiƙo masu kama da fatar ƙwayar halitta, suka nuna cewa cajin maiƙon na canza yadda gishiri ke ratsa fatar. A 1987 kuma, a Amurka, Philip Felgner ya yi amfani da maiƙo mai (+) ya shigar da ƙwayar gado cikin ƙwayoyin halitta.

To ina laifin sabulu? Sabulu da galibin garin wanki cajin (-) gare su. Da sun haɗu da maganin sai su cafke kansa tun cikin bokiti, ya rasa abin da zai kama ƙwayar cuta da shi. Kumfa ta tashi, ƙamshi ya tashi, amma ƙarfin ya ragu ƙwarai.

Saboda haka, mu fara wanke tebur da wuƙa da sabulu, don datti da jini ma na rage masa ƙarfi. Mu ɗauraye sosai, sannan mu sa maganin daidai awon da aka rubuta, mu bar shi ya jima, mu sake ɗauraye duk abin da ke taɓa abinci. Kada mu bar kwalbar inda yara za su kai hannu, don mai kauri yana ƙona baki da ido.

Allah ya sa albarka cikin cinikinmu, ya tsare masu sayenmu.