Tunawa da Alhaji Aminu Ɗantata, Mai Gini da Riƙon Gida

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta.

Bayan haka, fatake da malamai sun sani gidan attajiri bai cika rushewa a kasuwa ba, sai ranar rabon gado. Nan 'yan'uwa kan juya wa juna baya, dukiyar shekara arba'in ta watse cikin shekara guda. Gidan Alhassan Ɗantata na Kano ya kuɓuta daga wannan, kuma cikin waɗanda Allah ya yi sababi da su akwai ɗansa Alhaji Aminu.

An haife shi a Kano cikin 1931. Ya yi karatun allo da na boko, sa'an nan ya shiga sayen gyaɗa a hannun mahaifinsa. Cikin 1955 aka ɗora shi kan harkar gidan a lardin Sakkwato, wanda a zamanin nan Gusau da Tsafe da Bunguɗu da ƙauyuka irin su Wanke duk suna cikinsa. A wannan shekara mahaifin ya kwanta ciwon ajali. Ya tara 'ya'yansa, ya yi musu wasiyya su zauna tsintsiya ɗaya, kada su raba kamfanin. Da yayansa Ahmadu ya rasu cikin 1960, sai riƙon ya faɗo hannun Aminu, yana ɗan shekara 29.

Zamanin mulkin kai ne, ƙasa tana bukatar makarantu da hanyoyi. Sai ya mai da hankali ga gine-gine. Kamfaninsu ya yi aiki a Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna, da Jami'ar Ahmadu Bello, da Makarantar Jiragen Sama ta Zariya. Daga baya ya haɗa hannu da Jamusawa aka kafa Dantata & Sawoe, mai shimfiɗa hanyoyi. Ya kuma yi kwamishina a gwamnatin Audu Bako ta Jihar Kano.

Amma ginin da ba a biya shi lada ba a duniya, shi ya fi zama a bakin talakawa. Ya gina wurin wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya sa masa sunan mahaifinsa. Ya tallafa wa masallatai da makarantu, har da Jami'ar Al-Qalam ta Katsina. Sa'ad da ambaliya ta ci Maiduguri cikin 2024, ya ba da naira biliyan 1.5, alhali ya haura shekara 90.

Allah ya karɓi ransa a Abu Dhabi ran 28 ga Yuni, 2025, farkon Muharram 1447, yana da shekara 94. Aka kai shi Madina, aka binne shi a Baƙi'a yadda ya yi buri, Kano kuwa aka yi masa sallar ga'ibi.

To, ya kai mai dukiya, dalar gyaɗa ta Kano ta tafi, ba ko buhu ɗaya, amma wasiyyar da aka yi cikin 1955 ta riƙe gida shekara 70. Wanda ya so gininsa ya daɗe bayansa, sai ya fara da zumunta da wasiyya tun yana da lafiya.

Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya haɗa kan zuriyarsa. Amin.