Kimiyya Kaɗai Ba Ta Tsayar Da Itace A Gona

Ma'aunin ruwan sama da hoton tauraron ɗan Adam suna iya nuna yadda damina ke rikicewa da yadda daji ke sirancewa. Ba sa faɗin dalilin da ya sa magidanci a Dirin Daji, ƙasar Zuru, zai sare kaɗanya ya ƙona gawayi alhali matarsa na cin moriyar manta. Wannan tambaya ce ta masana zamantakewa: gonar wa, itacen wa, aljihun wa?

Maraɗi ta ba da misali. Shuke-shuken da aka yi ta dasawa can sun sha mutuwa, har a farkon shekarun 1980 wani masanin noma, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututtukan gona suna da rai, gyaran tohonsu kawai ake bukata. Amma dabarar ba ta bazu ba sai da manomi ya tabbata itacen nasa ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. Daga baya hotunan sama suka nuna kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar.

Don haka masu binciken Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, kafin ku auna ƙasa, ku zauna da manoma, makiyaya da mata masu tsintar kaɗanya.