Ɗan Kwangilar Gyaran Gida: Alamun Da Ke Nuna Akwai Matsala Tun Kafin A Biya Kuɗi

Gyaran tsohon gida ya fi gina sabo wuyar sha'ani, dalili kuwa shi ne mai gina sabo yana ganin kome da idonsa tun daga harsashi, alhali mai gyara yana ɗora aiki ne a kan abin da ƙasa da fulasta suka riga suka rufe. A biranen ƙasar nan, daga Legas har Kano, magidanta da yawa sun tara kuɗi shekara da shekaru don su sake rufi, ko su ƙara ɗaki, ko su ɗora bene, amma suka ƙare da kango, ɗan kwangila kuwa ko ƙeyarsa ba a ƙara gani ba. Sau da yawa irin wannan mutum yakan nuna halinsa tun a zaman farko, in da mai gida ya san abin da zai lura da shi.

Abu na farko shi ne yadda yake yanka kuɗin aiki. Wanda ya shigo gida, ya ɗaga kai ya dubi bango, bai auna ba, bai ƙwanƙwasa ba, bai leƙa cikin silin ya ga halin da katako yake ciki ba, nan take kuma ya faɗi jimla guda, to wannan ba lissafi ya yi ba, ka-cici-ka-cici ya yi. Mai gaskiya yakan koma ya zo da takarda wadda ta rarrabe kome: buhun siminti nawa, rodi nawa kuma mai kaurin nawa, tifar yashi nawa, bandir ɗin kwano nawa, sa'an nan ladan birkila da kafinta da lebura daban. Idan mutum uku suka kawo irin wannan takarda, biyu suka yi kusa da juna, na ukun ya faɗo ƙasa warwas, mai gida kada ya yi murna tukuna. Araha ba ta ado. Siminti farashinsa ɗaya ne a kasuwa ga kowa, saboda haka ragin da aka yi masa daga jikin ginin za a cire shi.

Wuraren da akan cire shi kuwa sanannu ne. Kwaɓin kankare na daben bene da ginshiƙi, bisa ga abin da aka saba, shi ne awo 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Watau buhu guda mai kilo 50 zai ɗauki kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. Mai ha'inci sai ya ƙara yashi, launin kwaɓin ya yi fari-fari, mai gida kuma ba ya nan. A wajen bulo ma haka ne: buhun da ya kamata ya fitar da bulo mai inci 9 kamar guda talatin, sai a matsa masa ya fitar da hamsin, bulon da in an murza gefensa da yatsa sai ya zube. Amma mafi muni shi ne rodi, domin da zarar an zuba kankare ba mai sake ganinsa. Tsakanin rodi mai milimita 12 da mai milimita 10 ido ba ya ganin wani bambanci na a zo a gani, amma ƙarfen da ke cikin ƙaramin ya gaza na babban da kusan kashi 30 cikin 100. Ɗan kwangilar da ya ƙi yarda a zo a duba rodi kafin ranar zuba kankare, ko ya fi son a yi zubin da dare, ya riga ya ba da labarin kansa.

Sai batun kuɗin kafin alƙalami. Ba laifi ba ne ɗan kwangila ya nemi wani abu don fara aiki, amma akwai iyaka. Ita kanta Gwamnatin Tarayya, a dokar ba da kwangila ta shekarar 2007, ta ƙayyade kuɗin fara aiki kada ya wuce kashi 15 cikin 100, daga baya aka ɗaga shi zuwa kashi 30. Idan gwamnati mai lauyoyi da 'yan sanda ba ta yarda ta miƙa rabin kuɗi ba, ina dalilin da magidanci zai miƙa kashi 70? Hujjar da aka fi kawowa ita ce tashin farashi, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, gama a farkon shekarar 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama cikin 'yan makonni. To amma maganin wannan a fili yake: mai gida ya sayi kayan da kansa, ko su tafi kasuwa tare, a karɓi rasit, a ajiye kayan a gidansa. Wanda ransa ya ɓaci da jin wannan shawara, ba siminti yake so ba, kuɗin yake so, wataƙila don ya toshe ramin wani aikin da ya bari a wata unguwa.

Kazalika wanda ya ce rubuta yarjejeniya rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa, abin tsoro ne. Galibi ma irin wannan ta hannun dangi ko abokin masallaci yake zuwa, kunya ta hana a tambaye shi. Takarda guda mai ɗauke da abin da za a yi, da ranar gamawa, da matakan biya, da sa hannun shaidu biyu, ba ta taɓa raba zumunci ba. Rashinta ne ke kai mutane gaban alƙali.

Duk waɗannan asarar dukiya ce. Wadda take kai ga asarar rai ita ce amsar da ɗan kwangila ke bayarwa idan aka ce ana son ɗora bene a kan tsohon gida, ko a fasa bango don a faɗaɗa falo. In ya ce, "Alhaji, ba kome, zai ɗauka," ba tare da ya haƙa gefen harsashi ya ga zurfinsa da faɗinsa ba, to ya faɗi abin da bai sani ba. Gidan da aka gina don ya ɗauki katako da kwano ba a yi masa tushen ɗaukar daben kankare ba, bangon tsakiya kuma sau da yawa shi ke riƙe da nauyin rufi. Ranar 12 ga Satumba, 1914 ba ta da alaƙa da wannan, amma ranar 12 ga Satumba, 2014 mutanen Legas ba su manta da ita ba: a ranar ce masaukin baƙi na cocin Synagogue da ke Ikotun, wanda ake cikin ƙara wa hawa, ya rufta ya kashe mutum 116, akasarinsu 'yan Afirka ta Kudu. Mai binciken musabbabin mutuwa ya bayyana a 2015 cewa ba a sami iznin hukuma ba kafin a yi ginin.

Don haka aikin da ya taɓa ginshiƙi ko harsashi ko bene, na injiniya ne, kuma ana iya tabbatar da ko mutum injiniya ne. Hukumar COREN, wadda aka kafa a 1970, ita ke rajistar injiniyoyi. ARCON ta 1969 ke rajistar masu zanen gini. CORBON ta 1989 ke rajistar ƙwararrun magina. Kowane mai rajista yana da lamba da hatimi. Iznin gini kuma ana nemansa a hukumar tsara birni ta jiha, kamar KNUPDA a Kano, a Legas kuwa LASBCA ke sa ido a kan yadda ake ginin. Ɗan kwangilar da ya ce a bar zancen izni, shi ya san yadda zai yi da ma'aikata, yana jawo wa mai gida jan fenti a bango ne, in ma abin bai kai ga rushewa ba.

Ba a ce mai fenti ko mai ɗaura tayil sai ya nuna takardar jami'a ba. Akwai birkiloli da ba su taɓa shiga aji ba waɗanda aikinsu ya shekara arba'in bai tsage ba. Shaidar irinsu ita ce aikin da suka yi a baya, kuma hoto a waya ba shaida ba ne. A je gidan, a ga mai shi, a tambaye shi ko an gama a kan lokaci, ko an dawo neman ƙari, ko rufin ya yi yoyo.

Gaggawa ma alama ce. Kankare yana bukatar a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7, ba ya kuma kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28. Wanda ya yi alkawarin cire katakon da ke tokare da daben bene cikin mako guda don a tare kafin Salla, haya yake gudun biya ta katakon. Masu manyan ayyuka sukan riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wata shida bayan an gama, don gyara abin da ya ɓaci. Magidanci ma yana iya sa wannan a takardarsa, ya kuma tsara yadda wata shidan za su haɗa da damina, tun da yake a watan Agusta ne rufi da magudanar ruwa ke nuna yadda aka yi su.