Idon Dattijo a Kan Hanya

Maigida, in ka ba shekara 40 baya kana kuwa hawan keke ko babur, wannan magana taka ce. Wataƙila ka lura rubutun waya ya fara yi maka dishi-dishi, sai ka miƙa hannu nesa kafin ka karanta. Ba sammu ba ne, ba kuwa makanta ba. Girma ne ya zo.

Ga yadda abin yake. A bayan baƙin ido akwai wata 'yar ƙwaya garai-garai kamar gilashi. Ta yaro tana da taushi, tana lanƙwasuwa don ya ga abin da ke kusa. Da shekaru suka yi nisa sai ta taurare. Shi ya sa dattijo ke hangen allon hanya daga nesa sarai, amma taswirar waya da agogon babur su gagare shi.

To, ina hatsarin? Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 cikin daƙiƙa ɗaya. In ka sunkuya daƙiƙa 3 kana ƙoƙarin karatu, ka ci fiye da mita 30 ba ka ga hanya ba. A nan rami yake, a nan akuya take, a nan yaro yake tsallakawa.

Saboda haka ka riƙe waɗannan:

1. Ka san hanyarka tun daga gida. Rubuta sunayen garuruwan da za ka ratsa da manyan baƙaƙe.
2. In za ka duba waya ko takarda, ratse gefe ka tsaya cik. Tambaya kuma ba ta ɓad da matafiyi.
3. Je asibiti a auna maka tabarau. Mai shekara 45 yakan dace da lamba +1.00 ko +1.50, mai 60 kuwa wajen +2.50.
4. Kada ka tuƙa da tabarau na karatu, yana dusashe abin da ke nesa. Nemi mai hawa biyu: sama na hanya, ƙasa na karatu.
5. Rage tafiyar dare, da ta lokacin hazo.

Amma in allon da ke nesa ma ya dushe, ko fitilar mota tana kashe maka ido, ko ba ka ganin abin da ke gefenka, wannan ba na tabarau kaɗai ba ne. Yana yiwuwa yana ce, ko hawan jinin ido. Yana ana cire ta a asibiti, gani ya dawo. Abin da hawan jinin ido ya cinye kuwa ba ya dawowa, sai dai a tsare saura. Kada ka ba masu yawo suna tsokane yana da allura idonka. Zo ɗakin shan magani mu ba ka takarda zuwa likitan ido, kamar na Asibitin Ido na ECWA a Kano, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Iyali na jiran dawowarka. Rigakafi ya fi magani.