Daga Kujerar Likitan Haƙori Zuwa Ɗakin Gashi: Yadda Ake Gane Dajin Baki a Yau

Duk wanda ya zauna a Zabi, ko Samaru, ko cikin Sabon Garin Zariya, ya san yadda ake yi da ciwon haƙori: a tauna kanumfari, a kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, a sayi ƙwaya a kemis, in abin ya faskara a nemi wanda zai cire haƙorin a huta. Galibi kuwa ana hutawa, domin mafi yawan ciwon haƙori kogo ne ko kumburin dasashi. Amma akwai wani kaso kaɗan, wanda saboda shi aka rubuta wannan maƙala, inda girgiɗar haƙori da kumburin muƙamuƙi alama ce ta wata illa da ke ɓoye cikin ƙashi, wadda ƙwaya ba ta isa gare ta, cire haƙori kuma ba ya ƙara mata komai sai jinkiri.

Kula da baki ba baƙon abu ba ne gare mu. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukan Zazzau sun yi bayanin asuwaki a cikin babin tsarki, kuma tun fiye da shekara dubu da suka wuce Abul Ƙasim Azzahrawi, babban ɗabibin Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya zana a littafinsa Attasrif siffofin ƙarafan kankare dattin da ke daskarewa a gindin haƙora, ya kuma bayyana yadda ake ɗaure haƙoran da ke girgiɗa da zaren zinariya. Abin da magabata suka rasa, duk da zurfin nazarinsu, shi ne hanyar ganin abin da ke cikin ƙashi ba tare da an tsaga nama ba. Wannan ƙofa ba ta buɗe ba sai a ƙarshen 1895, sa'ad da wani masani mai suna Rontgen ya gano hasken da ke ratsa jiki a ƙasar Jamus. Ba da daɗewa ba wani likitan haƙori mai suna Walkhoff ya ɗauki hoton haƙoran kansa, ya zauna minti 25 cur ana haska shi. Yau ana ɗaukar irin wannan hoto cikin ƙiftawar ido, ya fito a fuskar kwamfuta nan take, akwai kuma na'urar da ke zagaya kan mutum ta fito da muƙamuƙi gaba ɗaya daga kunne zuwa kunne, da wadda ke nuna shi yanka-yanka, har likita ya auna inda ƙari ya fara da inda ya tsaya tun bai ɗauki wuƙa ba.

A wannan fage Zariya tana da tarihin da ya kamata mutanenta su sani. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ta sami asibitin koyarwa kafin ƙarshen shekarun 1960, kuma sashensa na tiyatar baki da muƙamuƙi, wanda ya daɗe a Kaduna, ya shahara har a wajen ƙasar nan. A can ne Farfesa Adekeye ya tattara bayanin majinyata 109 masu wani ƙari na muƙamuƙi da likitoci ke kira amelobilastoma, ya wallafa a 1980, kuma har gobe masu nazarin wannan cuta suna komawa ga aikinsa. Ƙarin yana tsirowa ne daga ragowar ƙwayoyin halittar da suka gina haƙori tun ana ƙuruciya, mafi yawa a muƙamuƙin ƙasa, yana girma a hankali ba zafi, yana cin ƙashi daga ciki, a hoto kuma yakan fito kamar kumfar sabulu. Ba ya yawan bazuwa zuwa sauran jiki kamar yadda sankara ta haƙiƙa ke yi, amma rashin zafin nan shi ne makircinsa, domin mutum yakan ɗauki shekaru yana rufe haɓa da rawani ko mayafi, har sai tauna ta gagara. Wanda ya zo da wuri, ɗan yanki za a cire. Wanda ya makara, wani lokaci rabin muƙamuƙi ne zai tafi.

A nan ma an sami ci gaba mai ban mamaki. Da can in an cire ƙashin sai fuska ta rafke, mutum ya rayu da haka. Daga baya aka riƙa ɗebo ƙashi daga haƙarƙari ko ƙugu a cike gurbin, a ɗaure da farantin ƙarfen titaniyam. A 1989 kuma wani likita a Amurka, Hidalgo, ya nuna cewa ana iya ɗauko siririn ƙashin ƙwauri tare da jijiyoyinsa na jini, a lanƙwasa shi siffar muƙamuƙi, a ɗinke jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubin likita, ƙashin ya ci gaba da rayuwa, har a dasa masa haƙora. Aiki ne mai tsada da ɗaukar sa'o'i masu yawa, kuma ba kowane asibiti ke da ikon yin sa ba.

Yara kuwa nasu daban ne. A 1958 Denis Burkitt, wani likita da ke aiki a Yuganda, ya bayyana wata sankara mai kumbura muƙamuƙin yara cikin makonni kaɗan, wadda sau da yawa alamarta ta farko ita ce haƙoran yaro su fara girgiɗa ba lokacin famfara ba. An gano tana da alaƙa da wata ƙwayar cuta da aka fara gani a 1964, da kuma yawan kamuwa da zazzaɓin cizon sauro, shi ya sa ta fi yawa a ƙasashe irin namu. Abin farin ciki, tana daga cikin sankarar da ta fi jin magani: a Ibadan, Farfesa Victor Ngu yana cikin na farko da suka nuna cewa allurar magani kaɗai tana narkar da ita. Kada kuma a gauraya ta da zaizayar baki, wadda wasu ke kira ciwon iska. Ita wannan ba sankara ba ce, ruɓewa ce da ke farawa daga dasashin yaro mai tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita in an farga a kwanakin farko. Sakkwato tana da asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma da jagorancin Najeriya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023.

Sankarar baki ta manya, wadda ke kama harshe, da leɓe, da cikin kumatu, ta kama mutum kusan 390,000 a duniya a 2022, ta kashe kusan rabin wannan adadi. Taba ce babban sababinta, ta sha ko ta gari da ake cusawa a bayan leɓe, sai giya. Mafarinta ƙanƙane ne ƙwarai: gyambon da ya wuce mako uku bai warke ba, ko farin tabo ko ja wanda ba ya gogewa, ko ƙullutu a wuya. Hoto ba ya yanke hukunci a kanta. Hukunci yana hannun mai duba tsoka, wato a yanki ɗan nama kamar ƙwayar gero zuwa ta wake, a kai ɗakin gwaji, a rina shi, a duba. Da yawa daga mutanenmu suna gudun wannan, bisa zaton cewa in ƙarfe ya taɓa daji sai ya haukace. A ganina babu zaton da ya jawo hasarar rayuka a wannan babi kamarsa, domin abin da ke faruwa shi ne ba a yarda a yanka sai cuta ta riga ta yi nisa, sa'an nan a ɗora wa wuƙa laifin jinkiri.

Tun da asibitin koyarwa ya tare a Shika a 2005, kan hanyar Funtuwa, mutumin Samaru ba shi da nisa da ɗaya daga cikin cibiyoyi ƙalilan da ke Arewa masu gashin sankara, wato kashe ta da haske, inda ake zuwa daga jihohi masu nisa. Tsohuwar na'urar gashi tana aiki ne da sinadarin kobal, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni. Sababbin na'urori da lantarki suke haifar da haskensu, suna kuma daidaita shi da siffar ƙarin domin a kare gurbin yawu, amma suna bukatar wuta tsayayya da injiniyoyi a kusa, wanda shi ne mas'alar da ta addabi cibiyoyin ƙasar nan baki ɗaya. Kuɗi ma mas'ala ne. Asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda Shika ke cikin asibitoci shida da aka fara gwada shi, ya soma ne da sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza, don haka mai ciwon baki yakan dogara ne ga dangi.

Wani abin da majinyata kan yi mamakinsa shi ne, kafin a fara gashin kai ko wuya, sai a mayar da su wurin likitan haƙori. Hikimar ita ce gashi yana busar da yawu, wanda shi ne garkuwar haƙora, yana kuma rage jinin da ke shiga ƙashi, ta yadda in aka cire haƙori bayan gashi ramin na iya ƙin warkewa har ƙashin ya mutu. Saboda haka ake cike kogo, a wanke dasashi, a cire duk haƙorin da ba shi da rabo, a jira kamar mako biyu wurin ya haɗe, kana a sa ranar fara gashi.