Hof: Tsiron da Ɗacinsa Ke Bin Ƙasar da Aka Shuka Shi

Hausawa kan ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan magana ta dace da wani tsiro mai yaɗo da ake kira hof, wanda masana ilmin tsirrai suka laƙaba wa suna Humulus lupulus. Furen macen tsiron ake sa wa giyar sha'ir, har da wasu abubuwan sha na malt marasa sa maye, domin ɗaci da ƙamshi. A cikin furen akwai wani gari rawaya mai danƙo, shi ke ɗauke da sinadarin alfa asid mai kawo ɗaci, da kuma man da ke ba da ƙamshi.

Hof ya fi yin kyau tsakanin digiri 35 da 55 daga layin ikwaita, inda yini ke kai awa 15 a lokacin zafi, sanyin hunturu kuma ya kwantar da saiwarsa. A Kano yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba, shi ya sa hof ba ya cikin amfanin gonar ƙasar Hausa.

Ko a inda yake yi ɗin ma, kowace ƙasa da irin nata. Alal misali, a 1972 aka fitar da wani iri mai suna Cascade a Amurka. Da aka noma shi a Niyuzilan sai ƙamshinsa ya sake, har manoman can suka raɗa masa sabon suna, watau Taiheke. Haka kuma irin Fuggle na Ingila ya zama Styrian Golding a Sulobeniya. Gadon tsiron bai canza ba. Ƙasar noma, da ruwan sama, da zafin rana, da lokacin girbi su ne suka bambanta.

Wannan ya shafi masu dafa abin shansu a gida a Turai da Amurka. Wanda ya saba sa giram 50 na hof mai alfa asid kashi 7 cikin ɗari, in ya sayo na wata ƙasa mai kashi 5, sai ya sa giram 70 kafin ya sami ɗacin da ya saba. Saboda haka ake rubuta ƙasar noma, da shekarar girbi, da yawan sinadarin a jikin ƙunshi.

Akwai kuma abin damuwa. Zafi da fari kan rage alfa asid. Wani bincike da mujallar Nature Communications ta buga a 2023 ya yi hasashen cewa kafin 2050 sinadarin zai ragu da kashi 20 zuwa 31 cikin ɗari a manyan yankunan noman hof na Turai.

Darasin da ke nan ga ɗalibin kimiyyar noma shi ne, iri kaɗai ba ya yanke hukunci. Kafin a yaba wani sabon iri, ko na dawa ne ko na albasa, sai an gwada shi a ƙasar da za a noma shi.